Mu ma a yi mana inda za mu hau mu ga Kabi

Salamu alaikum jama'a. Yau sai kun yi haƙuri da ni don rubutun zai yi tsawo, maganar tana cina a rai tun da muka dawo daga Masar.

Wata biyu da suka wuce na raka Baba Alƙahira aikin ido. Alhamdu lillahi an yi lafiya an cire bandeji, likita ya ce mu ƙara kwana biyar kafin mu hau jirgi. Zaman masauki ya ishi tsoho, mutumin da ya saba da asuba yana cikin fadama, sai wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Azhar ya ce mu zo ya kai mu hasumiyar Alƙahira, su Burjul Ƙahira suke ce mata. Tana kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Nilu, tsawonta mita 187, an gama ta a 1961 zamanin Gamal Abdul Nasir, kuma an yi jikinta kamar saƙar kwando, can sama ta buɗe kamar furen bado. Baƙo kuɗin tikitinsa ya fi na ɗan ƙasa, muka biya muka bi layi muka shiga lif, Baba ya damƙe hannuna yana ta salati har ƙofa ta buɗe.

Wallahi da muka fito iskar da ta buge mu kawai ta isa labari. Gari ne iya ganinka, ga hasumiyoyin masallatai ba adadi, ga ganuwar Salahuddin a kan tudu da masallacin Muhammad Ali a cikinta, can yamma cikin ƙura kana hango dalar Giza kamar tsibin gero a masussuka. Ni ina ta ɗaukar hoto, Baba kuwa ko kallon benayen bai yi ba, ya kama ƙarfe ya sunkuya yana bin ruwa da sabon idonsa, yadda kogin ya rabu biyu ya zagaye tsibirin ya sake haɗewa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya juyo ya ce min, "Kai, wanga gulbi nasu ina hwadamatai? Ina suka noma?" Ɗalibin nan ya yi masa bayani cewa gonakin suna arewa inda kogin ya bazu kafin ya faɗa teku, da kuma kudu a gaɓa. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Shekara saba'in ina shiga gulbin Kabi, ban taɓa ganin kamatai ba."

Maganar nan ita ta hana ni barci. Mutum ya san kowane lungu na ruwa da ƙafarsa, ya san inda laka take da inda rami yake, amma siffar abin gaba ɗaya bai taɓa gani ba, sai da ya je ƙasar wasu ya ga nasu. Ni ma haka, a Argungu aka haife ni nan na girma, kuma in ka cire abin da nake gani a taswirar waya ban san yadda garinmu ya kwanta a bakin fadama ba.

Shi ya sa nake cewa ya kamata a gina hasumiyar kallo a Kabi, kuma in ni za a tambaya a bakin Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu, za a kafa ta. Ba irin ta Dubai mai mita 828 nake nufi ba, wa ya aike mu. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ba ta wuce wajen mita 15 ba, da ƙasa aka gina ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce kuma har gobe ana zuwa ganinta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ka hau mita talatin ko arba'in kawai ka ga abin mamaki. Kanawa suna da Dala, mutanen Gusau in sun so ga dutsen Kwatarkwashi a kusa da su, mu namu arzikin ruwa ne da fadama, kuma shi ba a ganin kyansa sai daga sama.

Ku tuna ranar su, wato ranar kamun kifi. Tun 1934 ake bikin nan, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma talakan da ya zo kallo me yake gani? Ƙeyar wanda ke gabansa da ƙura. Lokacin da aka ba da alama dubban masunta suka kwaso a guje da homa da gora suka rufta ruwa, wannan daƙiƙar da ita ce bikin gaba ɗaya, sai wanda ke rumfar manya ko mai jirgin ɗaukar hoto ne ke samunta, sauran mu a waya muke kallo daga baya alhali muna wurin.

Kuma ni ba don biki kaɗai nake magana ba, biki kwana nawa ne. Ambaliyar 2020 ba wanda ya manta, shinkafa ta kusa yanka ruwa ya shafe ta, mutane suka kwana a makarantu. Duk shekara ana faɗa a rediyo kada a yi gini a hanyar ruwa, ana ji ana wucewa, saboda a ƙasa fili fili ne kawai, ba ka ganin kwari. Ka ɗauki 'yan firamare ka hau da su cikin watan Satumba su ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi, ka sake kai su a watan Maris su ga koren shinkafar rani da injinan ban ruwa, wannan darasin ba allon da zai koyar da shi. Su sauko su wuce gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, kaga an haɗa musu tarihi da ƙasa a yini ɗaya.

Na san abin da za a ce a ƙasan rubutun nan, ana fama da tsaro da tsadar taki kai kana zancen hasumiya. Gaskiya ne kuma ban ce a ɗebi kuɗin asibiti a yi ba. Amma mai shiga zai biya, mai kifi soyayye da mai fura da ɗan kabu-kabu za su samu, kuma 'yan kasuwarmu da ke zuba kuɗi a otal a Abuja za su iya haɗa hannu a yi. Abin da ya fi damuna ma wani ne daban, wanda Baba da kansa ya ɗago a jirgi muna dawowa, wato tsakar gidajen mutane. Mu nan ko bene maƙwabci ya ɗora sai an kai ga mai unguwa saboda taga, balle abin da zai leƙa unguwa guda, matan aure suna aikinsu a tsakar gida. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma shi ya sa na ce bakin gulbi, nesa da gidaje, a toshe ɓangaren da ke fuskantar gari in ya kama, a bar fuskar ruwa da fadama a buɗe. A sa lif saboda tsofaffi, a sa sola saboda kar wuta ta ɗauke da mutane a ciki, kuma a ba wanda zai kula da ita amana ta gaskiya don kar shekara biyu ta zama gidan jemagu.

Jiya da la'asar na kai wa Baba maganin ɗigawa a gona, na same shi tsaye a kan kunyar da ta fi tudu ya yi wa ido inuwa da hannu yana duban yamma. Ya ce in hau kan motar in gaya masa ko daga nan ana hango inda ruwan ya karya. Na hau, ban ga komai ba sai kan shinkafa.