Takalmin nutso, da yaron da ya ce ƙasarmu yashi ce

Ranar Asabar na shiga wani shagon kayan nutso kusa da tashar jiragen ruwa a Sirakusa, nan tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, don in sake takalmin nutsona da gidan ƙafarsa ya tsage. Yaron shagon, wanda na girme wa nesa ba kusa ba, ya ƙare mini kallo, ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da mafi tauri a cikin abin da suke da shi. Ya ce, "Ku mutanen Afirka akwai ƙarfi, wannan ne naka." Ban kai ga buɗe baki ba ya ƙara da cewa, "Amma dai ka iya iyo ko? Na ji an ce ƙasarku yashi ce zalla."

Ni ɗan Argungu ne, a gidan masu homa na tashi. Na san bai faɗa don ya ci mini mutunci ba, amma har yau maganar tana ci mini rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Bari in fara da kwatanta muku abin, tunda a gida ba kasafai ake ganinsa ba. Masu nutso da numfashi ɗaya, ba tare da tukunyar iska a baya ba, suna sa wani takalmi mai dogon fiffike, tsawonsa ya kusa mita ɗaya. Kashi biyu ne. Akwai gidan ƙafa na roba mai laushi da ƙafa ke shiga gaba ɗaya har dunduniya, sannan akwai fiffiken da ake ɗaure masa da ƙananan kusoshi, ya ɗan karkata ƙasa don ya daidaita da ƙauri idan mutum ya miƙe ƙafa. Fiffiken iri uku ne: na filastik, na zaren gilashi, da na kabon. Na filastik za ka samu ƙasa da Yuro 100, na kabon mai kyau kuwa sai ka ajiye 300 ko 400, wani ma ya wuce haka. Kowane iri kuma an raba shi mai laushi, matsakaici, da mai tauri. A bangon shagon an jera su kamar ashirin, baƙaƙe da masu launin duwatsun ƙasan teku, da sunayen kamfanoni irin su Cressi na Jenowa da Beuchat na Marsai a jikinsu. Gefe ga bindigogin mashi, waɗanda aikinsu daidai yake da danƙon da muke harbin tsuntsu da shi muna yara, sai dai sandar ƙarfe suke cillawa.

Wani dattijo da ke zaune yana gyaran igiyar mashi shi ya raba mu. Ya karɓi takalmin daga hannun yaron ya mayar. Ya ce in zauna in cire takalmina da safata. Ya kama idon sawuna da hannu biyu yana lanƙwasa shi gaba da baya, ya matsa sha-raɓata, ya tambayi nauyina. Na ce kilo 65. Ya tambayi inda nake shiga ruwa, daga gaɓa ne ko daga jirgi, da zurfin da nake kaiwa. Na ce daga gaɓa, kuma ban cika wuce mita 15 ba. Ya ce, "Ɗana, mai laushi za ka ɗauka. Wancan sai ya cinye maka numfashi tun ba ka ga kifi ba."

Gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa nutso ya san iskar da ka shiga da ita ita ce jarinka, kuma cinya ce ta fi kowace gaɓa cin wannan jari. Fiffike mai tauri sai ka sa ƙarfi kafin ya lanƙwasa, in kuwa bai lanƙwasa ba, ruwan ba ya turuwa baya yadda ya kamata. Mara nauyi da ya sa shi sai ya riƙa naɗe gwiwa yana tuƙi kamar mai keke, jikinsa na karkata hagu da dama, zuciya na bugawa da sauri, tafiyar kuma ba ta ƙaru ba. Mai farauta daga gaɓa yakan yi awa huɗu ko biyar a ruwa, mafi yawanci a saman ruwa yake iyo daga wannan dutse zuwa wancan. Da takalmin da ya fi ƙarfinsa, kafin rana ta take jijiyar sha-raɓa ta ɗaure, ga shi nesa da ƙasa.

Ba wai mai tauri ba shi da gurbi ba. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama, huhu ya koma rabin girmansa, rigar robar da ke jikinka ta matse ta rage ɗaga ka. In ka ƙara gaba, ruwan da kansa ke janka ƙasa ba sai ka motsa ƙafa ba. Wahalar tana wurin dawowa. Ƙaton mutum mai kilo 95, da riga mai kauri da ɗamarar dalma, wanda ya harbi cerniya, wato babban kifin nan mai shiga kogon dutse, a mita 25, yana bukatar fiffiken da zai taso shi daga ƙasa da bugu biyu ko uku. Haka wanda ke aiki inda igiyar ruwa ke ja da ƙarfi. Amma su nawa ne? Yawancin waɗanda nake gani ranar Lahadi da na kabon mai tauri, burga ce ta sa suka saya, suna ganin mai laushi na mata ne da 'yan koyo. Ganin kitse suke wa rogo. Kuma a tsakanin duwatsu masu kaifi na nan yankin, na kabon ɗin yakan tsage in ka tokare ƙasa da bakinsa, alhali na filastik yana shan wuya shekara da shekaru, illarsa dai a hankali yake sanƙarewa a lanƙwashe.

Inda dattijon ya fi ɓata lokaci shi ne gidan ƙafa. Ya ba ni safar roba mai kaurin milimita 3, irin ta lokacin sanyi, don ruwan nan yakan sauko wajen digiri 15 a watan Fabrairu. Ya ce da ita za a gwada, ba da ƙafa tsirara ba. Na farko da na sa, lambata ce daidai, amma ƙirar ta matse ni a gefen ƙaramin yatsa. Wanda ya taso yana yawo ba takalmi a bakin gulbi, ƙafarsa faɗi take yi, su kuwa yawancin ƙirarsu ta siririyar ƙafa ce. Ya sa na miƙe yatsu kamar ina cikin ruwa, ya cusa ɗan yatsansa ta bayan dunduniyata ya ga ko akwai fili. In akwai fili, ƙafa na zamewa a ciki, ƙarfin bugun yana ɓacewa kafin ya kai ga fiffike, ga kuma bororo. In ya matse, jini ba ya gudana, yatsu su mutu, jijiyar tafin ƙafa ta ɗaure. Sai da muka gwada ƙira uku, ya bar ni zaune da na ƙarshen kusan minti 10, ya ce abin da zai dame ka a teku yana fara magana tun a kan kujera. Ya cire fiffiken wani kamfani ya ɗaura a gidan ƙafar wani. Abin da na biya bai kai rabin kuɗin wanda yaron ya sauko da shi ba.

Na yaba masa, kuma na yaba wa tsarinsu. Doka ta hana harbin kifi da tukunyar iska, ta hana shi daga faɗuwar rana zuwa asuba. Sai ka kai shekara 16 za ka riƙe bindigar. Dole ka ja balan-balan mai jar tuta da farin layi, kada ka yi nisa da shi fiye da mita 50. Kilo 5 ne iyakar abin da mai farautar nishaɗi zai fitar a rana, cerniya kuma guda ɗaya tak. A Plemmirio, kudu da gari kaɗan, an keɓe ruwan, ba a harbi sam. Garin kuma yana alfahari da Enzo Maiorca, wanda aka haifa a nan a 1931, ya kai mita 101 da numfashi ɗaya a 1988 yana da shekara 57, ya rasu a 2016. Duk wannan abin a yaba ne.

Amma me dattijon ya gaya mini wanda kawuna bai gaya mini ba tun ina ɗan shekara tara? Ranar da ya ga ina dukan ruwa da ƙafa kamar zan tsaga gulbin, ya kama ni ta wuya ya ce, "Kai yaro, ba a kokowa da ruwa. Bi shi sannu." Karatun takalmi mai laushi ke nan gaba ɗayansa. Su sun rubuta shi a takarda, sun sa masa lamba da farashi, mu kuwa a jiki yake. Kuma in za a faɗi gaskiya, aikin namu ya fi wuya. Nan ruwan garau yake, kana sama kana hango dutsen da za ka sauka a kai, ga gilashi a fuskarka, ga riga, ga tuta. Bakabe yana shiga gulbin Matan Fada na Argungu bai ga tafin hannunsa ba, da lalube yake gane giwan ruwa, ya rungumo kifin da ya kusa kai nauyinsa. Ku da kuka ga Kabanci, wato wasannin ruwa na bikin Argungu, kun san abin da nake nufi. Ku ba ni mutum ɗaya cikin masu na kabon ɗin nan da zai yi wannan. Na sha kallon su, a cire musu kayan, rabinsu ba za su kai mita 5 ba. Ba na ce babu gwanaye ba, akwai su, na ga wani tsoho da ke kwanciya a ƙasan teku shiru har kifi ya zo da kansa. Sai dai gwanintar tasa irin tamu ce, haƙuri da sanin iyakar numfashi, ba takalmin ne ya ba shi ba.

Tun 1934 ake bikin Argungu. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sarkawa suna kan Kwara da zagonsu tun kafin a gina madatsar Kainji a 1968, tun kafin kakan yaron shagon ya san akwai wani abu wai shi takalmin roba. Amma a idonsa ni mutumin hamada ne mai ƙarfin ɗaukar kaya.

Na san inda ya samo wannan hoton. Augusta tana nan arewa da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kuma tashar ta ga dubban 'yan'uwanmu da aka tsamo daga teku. A watan Afrilun 2015 jirgi ya nutse tsakanin Libiya da nan da mutum fiye da 800, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma, kuma a gaɓar Augusta aka ajiye gawar jirgin bayan an ciro shi a 2016. Abin da mutanen nan suka gani a talabijin ke nan, sai suka yanke cewa baƙar fata da ruwa ba sa shiri. Ina so in tambaye su, wane gwani ne zai fita daga cikin jirgin da aka kulle shi a ƙasa, da tsakar dare, a tsakiyar Bahar Rum? Ko Maiorca ne ba zai fita ba. Rashin iya iyo bai kai 'yan'uwan namu can ba, talauci ne da azzalumai suka kai su.

Abin da ke hana ni barci dai shi ne, a gida ma muna rasa mutane a ruwa. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, rahotanni suka ce fiye da mutum 150 sun ɓace. 'Yan kasuwa ne, da mata da goyo. Muna cewa iya ruwa fid da kai, amma sanin ruwan ya tsaya a gidajen masunta, bai tsallaka zuwa gidan manomi da mai tireda da ke hawa jirgin kowace ranar kasuwa ba. Ban ɗora wa masunta laifi ba. Ba wanda ya taɓa ce musu ku zo makaranta ku koya wa yara, ga ladan aikinku. Ana tuna su ne kwana huɗu a shekarar da aka ga damar yin biki, a ɗauki hotonsu da gora da homa, baƙi su koma Abuja. A nan Sisili mutum kamar kawuna da yana da ɗalibai da takardar shaida, ana biyansa don ya koya wa likitoci da lauyoyi yadda ake riƙe numfashi. Can kuwa ya tsufa yana ɗinkin koma.

Ɗan yayata, wanda duk unguwarmu ba mai daɗewarsa a ƙarƙashin ruwa, yanzu kabu-kabu yake yi a Birnin Kebbi. Ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo ya ga minti nawa yake yi. Dogon takalmin nan ba zai amfane shi a Matan Fada ba, gulbin ba shi da wannan zurfin, fiffiken zai riƙa tonon laka ne kawai. Amma tafkin Kainji yana da zurfi. Abin da ake bukata bai wuce igiya mai alamar mita ba, da jirgi ɗaya, da mutum biyu masu tsaron mai nutso, don yawanci gab da fitowa ake suma, kuma ba a yin wannan aiki mutum shi kaɗai. Na riga na tambaye shi lambar ƙafarsa, na ce ya taka takarda ya zana mini faɗinta ya turo ta WhatsApp, don ba zan sayo masa ƙirar da za ta matse shi ba. In akwai wani a Yauri ko Ngaski da ke da jirgi kuma yake son a gwada wannan da rani mai zuwa, ya neme ni.