Jirgin da Ya Tsira Daga Hitila, Bai Tsira Daga Gidana Ba

Duk abin da ya same ni littafin gwanjo ne ya jawo. Wata Asabar na shiga Sabon Gari neman tiyon famfo, na tsaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, sai idona ya faɗa kan wani mai kauri, bangonsa duk ya yage. Tarihin yaƙin sama ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke ce wa yaƙin Hitila. Ina buɗe tsakiyarsa sai ga taswira, ga sunan Kano ɓaro-ɓaro. Ko ragi ban nema ba. Tiyon kuwa sai da na ga ruwa na malala a tsakar gida na tuna da shi.

Abin da na karanta ya hana ni barci. A 1940, da Faransa ta faɗa hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a watan Yuni, sai Bahar Rum ta daina biyuwa ga Turawan Ingila, ga shi suna neman jiragen yaƙi a Masar ruwa a jallo. Sai suka ɓullo ta bayan gida. A zuba jirgi gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, a kawo shi ta ruwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa shi a can, sannan ya tashi: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira N'Djamena, ya ratsa Darfur zuwa Khartum, ya bi Kogin Nilu har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na shekarar, jirgin jefa bom samfurin Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, ƙananan jiragen yaƙi samfurin Hurricane shida na biye da shi kamar 'yan tsaki. Daga nan dubban jirage suka bi wannan hanya. Wato ni da na tashi ina jin ƙarar jirgi a unguwarmu, ashe sararin nan Hurricane ya sha keta shi.

Na kira ƙanena da ke karatu a Ingila ina ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai nan dattawa da furfurarsu harhaɗa irin jiragen nan suke yi, 'yan ƙanana na roba. Akwai kamfanin Airfix, tun shekarun 1950 yake sayar da su." Na ce ya taho mini da Hurricane in zai zo hutun Disamba, na tura masa kuɗi ba tare da na yi shawara da kowa ba. A raina na ce, mu da muka ƙera motar kara da ta gwangwani tun muna yawo ba wando, wace roba ce za ta gagare mu?

A jikin kwalin, jirgi ne yana aman wuta cikin gajimare. A ciki kuwa, wasu rassan roba ne masu ruwan toka, 'yan gutsattsari maƙale a jiki kamar 'ya'yan kanya, da takardar bayani wadda ba ta da magana sai zane da lambobi da kibiyoyi. An rubuta 1:72, ma'ana an raba girman jirgin gida saba'in da biyu an ba ka kashi ɗaya. Fikafikan Hurricane na gaske ƙafa 40 ne daga baki zuwa baki, nawa bai wuce santimita 17 ba. Matuƙin kuwa, da a ce ƙato ne mai ƙafa shida, ya dawo inci ɗaya.

Uwargida ta leƙo, ta dubi kwalin, ta dubi abin da ke ciki.

"Baban Auta, nawa ne wannan?"

"E, nawa ne."

"Kuɗinsa nake tambaya."

Na ce ai ilimi ba ya tsada. Ta ce haka ne, amma shinkafa na yi. Ta wuce.

Ƙanen nawa bai taho da gam da fenti ba, wai ba a barin su a jirgin sama saboda suna kama wuta. Ya yi mini bayani cewa gam ɗin wannan aiki na musamman ne, narkar da bakin robar yake yi kaɗan, gefe biyu su haɗe su zama ɗaya. Na ce gam gam ne. Na aiki Auta shagon bakin layi ya sayo sufa-gulu. Sauran kayan aiki duk na gida ne: reza, abin yanke farce, tsinken sakace, da matsefatar Hajiya ta cire ƙaya. Na baje su a kan tiren shayi bayan La'asar.

Mataki na farko, a zaunar da matuƙi a kujerarsa. Na matsa bututun, bai fito ba. Na ƙara matsawa, ya fito gaba ɗaya. Kafin in ce me, Bature ya manne a babban yatsana, manuniya ta zo ceto ita ma ta manne. Daidai lokacin ladan ya kira Magariba. Duk wanda ya san alwala ya san inda matsalar take, ruwa ba zai taɓa fata ba. An ce ruwan goge fentin farce na cire shi, to gidanmu lalle ake yi. Aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, aka kawo man gyaɗa da gishiri, uwargida na murzawa tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Har aka sallame a masallaci ina zaune da sojan Ingila a hannu. Da ƙyar ya rabu da ni, ya tafi da 'yar fatata, ni kuma na tsinke masa kai. Hajiya, da ke kallo daga kan dardumarta, ta ce, "Madalla. Dama mutum-mutumi da kai a cikin gida bai kwanta mini ba."

Haka ya shiga jirgi ba kai. Na ce ba komai, murfin gilashi zai rufe. Na ɗiga masa sufa-gulu, na ɗora, ya zauna das. Da safe na tarar murfin ya yi fari fat daga ciki. Ashe tururin wannan gam shi ke bin roba mai haske ya bar mata farin hazo da ba ya gogewa. Jirgi bai tashi ba, ya riga ya shiga hunturu. Ta wani gefen an rufa wa matuƙi asiri.

Tayar wutsiya ita ce ta kusa raba ni da mutanen gida. Girmanta bai fi ƙwayar dawa ba. Na kama ta da matsefata, na ɗan matsa, sai na ji "tas", ta yi tsalle. Ita kaɗai ce a cikin jirgin nan ta taɓa tashi sama. A daidai nan aka ɗauke wuta. Na hana kowa motsi, na durƙusa da fitilar waya ina bin ledar ɗaki taƙi-taƙi. Na samo allura, da maɓallin rigar da ya ɓata tun ƙaramar salla, da ɗan kunnen da aka taɓa zargin 'yar aiki a kansa. Taya dai babu. Na kafa doka kada a share ɗakin. Da asuba ina masallaci aka share, aka watsa sharar inda kaji ke kiwo. Har yau akwai wani jan zakara da ba na amsa masa cara. Kan ashana na yanka na liƙa a gurbin.

Sai fenti. Littafin ya nuna kalar jiragen hamada: ƙasa-ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ƙarƙashi. Na tafi Ƙofar Ruwa wajen masu haɗa fentin mota. Mutumin ya ce, "Alhaji, wace mota ce, galan nawa?" Na zaro murfin kwalba uku daga aljihu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya cika mini su kyauta, irin kyautar da ake yi wa wanda ake tausayi. Ina shafawa a fiffiken hagu, robar ta yamutse kamar saman madarar da ta huce. Tinar mota cin irin wannan roba take yi. Na kwana biyu ina bin wurin da samfefa, na koma fentin ƙofa mai mai, wanda ba ya cin roba amma sai ya yini bai bushe ba. Don in taimaka masa, na ɗora jirgin a kan katanga ya sha iska. A watan Janairu. A Kano.

Hurricane ɗin da aka tura hamada an sa masa wata matatar iska a ƙarƙashin hanci don kada yashi ya shiga injinsa na Merlin. Nawa ma yana da ita, 'yar mitsitsiya, amma ba ta hana komai ba. Kafin Azahar ya yi kama da ƙuli-ƙulin da ya faɗi a kasuwa, har da gashin kaza guda a wutsiya.

Tamburan jirgin kuma, da suka zo manne a takarda, a ruwa ake jiƙa su, su saki takarda, a zame su a hankali zuwa jikin jirgi. Na jiƙa, waya ta yi ƙara, na tsaya gaisawa da surukina, gaisuwar da ba a katsewa. Na dawo na tarar suna iyo a kofi, biyu sun naɗe kamar tabarma. Allah Ya taimake ni tambarin Ingila da'ira ne, ba shi da sama da ƙasa. Na wutsiya ne mai layi uku ya tona mini asiri. Da na tura wa ƙanena hoto ya ce, "Yaya, ja ne ke gaba a na Ingila. Shuɗi a gaba ai na Faransa ne." Na ce masa jirgin ya sauya sheƙa ne, ba a kansa farau ba.

Bayan kwana biyu ya sake kira, muryarsa wani iri. Wai ya nuna hoton ga wani dattijo maƙwabcinsa da ya shekara da shekaru yana wannan aiki, dattijon ya cire tabarau ya mayar, ya ce bai taɓa ganin ƙurar hamada da ta yi kama da gaske haka ba. Su can garin ƙura na kwalba suke saye da kuɗi, su yi ta shafawa da buroshi don jirgi ya yi kamar ya sha wuya. Yana tambaya wane iri na yi amfani da shi. Na ce a gaya masa sirrin gida ne.

Kaina ya kumbura. Na riƙa ajiye shi a kan talabijin, duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin Takoradi tun daga farko, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wata Juma'a a ƙarshen Maris na ce bari in kai shi majalisa, 'yan uwa su ga aiki. Na ɗora shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, na kulle, na shiga masallaci. Huɗuba ta yi tsawo, na tsaya ɗaurin aure, na tsaya gaishe-gaishe. Da na buɗe motar, zafin da ya bugo ni kamar na buɗe tanda. Fikafikan biyu sun langaɓe ƙasa, farfela ta sunkuya, ƙafafun sun baje. Kamar kazar da ruwan sama ya yi wa duka. Kan ashanar ne kaɗai bai ce uffan ba.

Ban kai shi majalisa ba. Na ba Auta, ya ɗaura masa zare a hanci, ya haɗa shi da motar karansa, yana ja a tsakar gida yana "buuu". Motar karan, wadda ya ƙera a yini ɗaya da ɓawon kara da tsohon silifa, har yau ko taya ɗaya ba ta zubar ba.

Da babbar salla ƙanena ya aiko da saƙo ta hannun wani abokinsa. Tankar yaƙi ce ta kamfanin Tamiya, 'yar Japan, ma'aunin 1:35, kwalin ya ninka na farko. Ina ƙoƙarin tura shi ƙarƙashin gado sai ga uwargida a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Baban Auta, nawa ne wannan kuma?"

Na ce, "Na Auta ne."