Filashin Hajiya

Alhaji Tanko ya faɗo shagon Ɗanliti mai gyaran kwamfuta a Beirut Road, laftof a hammata, filashi a hannu, yana huci.

Alhaji: Ɗanliti wallahi an cuce ni, filashi mai giga 32 ne fa, yau na soka shi a kwamfutar ofis wai wasu 'yan mega ne kawai a ciki, to sauran gidan uban wa suka tafi?

Ɗanliti: Alhaji a zauna tukuna. Me aka yi da shi?

Alhaji: Ba komai. Ƙanen Hajiya ne, ɗan bokon nan, ya ce tun Oktoban 2025 Microsoft ta yaye Windows 10, wannan tsohuwar laftof ɗin kuma ba za ta ɗauki 11 ba wai ba ta da wani abu TPM, shi ne ya sa min Ubuntu, wai madadin Windows, ya ce kyauta ne. Ka dai san ni da kyauta.

Ɗanliti: Duk Kano an sani ranka ya daɗe. Ai da filashin ya loda Ubuntun, shi ya sa ya rabu kashi-kashi, Windows kuma ɗan guntun da ta gane kaɗai take nunawa. In na yi masa fomat gigoginka za su dawo.

Alhaji: Duka 32?

Ɗanliti: 29 da ɗoriya.

Alhaji: Ka gani ko! Kai ma za ka ci biyu da rabi.

Ɗanliti: Haba Alhaji. Kamfani da dubu yake awo, Windows da 1024, bambancin mudu ne, na Dawanau daban na mai shagon unguwa daban.

Alhaji: To ita laftof ɗin fa? Giga 500 amma kullum kukan wuri ya cika.

Ɗanliti: (ya danna nan ya danna can) Yauwa. Giga 25 kacal ya gutsira wa Ubuntu, ya bar wa Windows sauran. Ka yi amarya ka ajiye ta a zaure, uwargida ta riƙe ɗakuna.

Alhaji: A sallami uwargidar!

Ɗanliti: A hankali dai kar a ji a gida. Sai mun kwashe kayanta a filashi tukuna.

Alhaji: To kwashe, amma kar ka taɓa hotunan bikin Zainabu da lissafin adashen Hajiya, suna ciki, a jakarta ma na zaro shi ba ta sani ba.

Ɗanliti: Alhaji... lokacin da zai loda, ba a nuna wani gargaɗi cewa za a goge duk abin da ke cikin filashin ba?

Alhaji: An nuna wani dogon turanci, na ce danna OK mana ana kiran sallah.

Ɗanliti: Innalillahi.

Waya ta fara ruri a aljihun Alhaji. Ya zaro, ya ga sunan, ya miƙa ta da hannu biyu.

Alhaji: Ungo ɗana, ɗauka ka yi mata bayanin mudun nan.