Sanyin da na sha saboda hoton hayaƙin sama

Ni dai tun da na shiga wannan harkar ta ɗaukar hoton taurari mutanen gidanmu suka fara min kallon wanda ake jira a kai wa malam ya yi masa tofi. Kowa a unguwar nan tamu ta gefen Kano addu'arsa a kawo wuta, ni kaɗai ne idan aka ɗauke nake cewa alhamdulillahi a fili, har uwargida ta taɓa ce min Baban Ummi dan Allah ka dinga yi a zuci kar maƙwabta su ji.

Abun da nake nema sunansa nebula, wato wani gajimaren iskar gas ne da ƙura can cikin sararin samaniya inda ake haihuwar taurari. Wanda na ƙwallafa rai a kansa shi ne Rosette, yana gabas da taurarin nan uku da suke jere a rukunin taurarin Orayon, nisansa kusan tafiyar haske ta shekara 5,000. Ido ba ya ganinsa a cikin gari ko za ka kwana kana ƙifce-ƙifce. Akwai wani ma'auni na Bortle daga 1 zuwa 9 da ake auna duhun sama da shi, 1 ƙurmus ɗin daji, 9 tsakiyar birni, to tsakar gidana tun da Alhaji maƙwabcina ya ɗaura fitilar sola mai kama da ta filin ƙwallo a kan katanga ina ganin mun fita daga lissafin ma gaba ɗaya.

Sai na ji labarin filta, wani ɗan gilashi da bai kai murfin kwalbar zuma ba amma kuɗinsa ya haura buhun shinkafa (har yau uwargida ba ta san gaskiyar farashin ba, wanda ya karanta ya yi shiru). Aikinsa tankaɗe haske kamar rariya. Haidirojin na nebula yana fitar da jan haske a daidai nanomita 656 (ma'aunin da ke bambanta launin haske kenan), oksijin kuma kore-kore a wajen 500, to filtar ƴan ƙofofi biyu ta buɗe masu faɗin nanomita 7 kacal a waɗannan wuraren, sauran hasken gari duk ta ce a koma. Tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo sun fi sauƙin tarewa, na LED irin na Alhaji su ko'ina suke watsa haske, amma duk da haka ana samun sauƙi sosai.

Ranar wata Juma'a cikin Janairu hazo ya ɗan lafa, babu wata, na fito da kaya bayan isha'i. Matsala ta farko saita ƙafar madubin hangen nesa da tauraron arewa domin ta dinga bin juyawar sama. Mu a Kano tauraron nan digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, wato daidai inda tankin ruwan Alhaji yake zaune. Haka na dinga jan tebur ina leƙe ta tsakanin tanki da bishiyar darbejiya, ina tsugunne kamar mai neman allura, sai ji na yi an haske min fuska da tocila ta saman katanga.

Ƴan sintiri ne su biyu, yaron Alhaji ya kira su wai ya ga an kafa wani abu mai dogon baki ana saitin gidansu. Babban ya ce Malam wannan wace irin bindiga ce. Na ce ranka ya daɗe kyamara ce, taurari nake ɗauka. Ya ɗaga kai ya kalli sama ya kalle ni ya ce to ai azumi da saura, wa ya sa ka duban wata. Sai da na buɗe ƙofa suka shigo, na nuna musu Kaza da Ƴaƴanta a allon kyamara, ƙaramin ya ce kai ashe ƴaƴan nata sun fi bakwai, sannan suka tafi da ɗari biyar ta shayi.

Wajen sha ɗaya na samu kaina. Na ɗora wani faifan roba mai tsage-tsage a bakin madubin, Bahtinov ake ce masa, shi yake sa tauraro ya fito da ƙafafu shida, idan ta tsakiya ta zauna daidai to hoto ya fito tas. Ta zauna. Na saita kowane hoto minti 5, guda 48, awa huɗu kenan, daga baya a haɗa su a kwamfuta da manhajar Siril su zama ɗaya. Ina danna maɓalli kuwa aka ɗauke wuta, unguwa ta yi ɗif, na ce yau take sallah. Ko minti uku ba a yi ba janareto suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin na gidan baya kuma kamar da gayya ta kaina yake bi. Fitilar Alhaji ita ko a jikinta.

Na ja bargo na zauna kan tabarma da fulas ɗin shayi, ban yarda na taɓa kyamara ba don kar ta girgiza, ina jin ƙarar ta ƙyat, bayan minti biyar ƙyat, ina lissafin yadda zan sa hoton a Facebook har da rubutun da zan yi a ƙasa. Sanyin Kano na ƙarfe uku ba ya jin bargo, leɓena ya tsage, sauro ɗaya da ya ƙi mutuwa da hunturu ya same ni.

Uku da ƴan mintuna na tashi haɗa kaya, na kai hannu zan rufe bakin madubi sai na ji roba. Faifan nan yana nan zaune inda na ɗora shi tun sha ɗaya. Na buɗe hotunan hannuna na rawa, guda 48 cif, kowane tauraro da ƙafafunsa shida, sama gaba ɗaya ta zama taron gizo-gizo, Rosette ɗin kuma can a baya wani ja-ja dishi-dishi kamar an goge hannun manja a baƙar riga.

Duk da haka bayan asuba na haɗa su, ai ba na sha sanyin banza ba. Na kai wa uwargida tana dama koko na ce kin san hasken nan shekara 5,000 ya yi a hanya kafin ya iso gidan nan? Ta karɓi wayar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa ta ce to sannunsa da hanya, sai ta miƙo min ta ce farin hijabina da ka ɗauka jiya wai za ka rufa wa kyamara ka ɗauki hoton fari, yana ina. Yana can tsakar gida, akuyar Alhaji ta shigo ta ƙofar da na manta ban rufe ba bayan ƴan sintiri, ta riga ta kai rabi.