Wanda ba zai iya da ɓarnar aku ba, kada ya ajiye shi

Tun da na ga bidiyon nan da ke yawo raina yake a ɓace. Wai don aku ya tsinke wayar caja, ya yage takardar haihuwar yaro, shi ne aka ɗora kejinsa a kan kwanon rufi da rana tsaka, a zafin Garwa ta arewacin Kamaru na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Tsuntsu ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, mutanen gida suna ta dariya. Alhaji, wannan zalunci ne, ka ji tsoron Allah.

Aku ba ya ɓarna don mugunta, haka Allah ya halicce shi. Bakinsa tsiro yake yi har ya mutu, dole ya samu abin gwaguya. In ba ka ba shi guntun ice ko totuwar masara ba, ƙafar kujerarka zai kama. Namu na gida haka yake bin gefen tabarma yana zare kaba ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe murfin gwangwanin sukari, ya kwaikwayi ƙarar wayar maigida har mutum ya fito daga ɗaki da sauri. Da muka ga haka sai muka kwashe caja da takardu muka sa a durowa. Wanda ya bar takardar a fili shi ne mai laifi.

Wani ya rubuto min wai ai tsuntsu ne kawai. A Amurka wata mai bincike, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani aku mai suna Alex. Kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi, yana ƙirga abu har 6. Halitta mai irin wannan ƙwaƙwalwa ce za ka kulle ita kaɗai tun safe har dare, ka ce kada ta taɓa komai? Shi ya sa za ka ga aku ya fige gashin ƙirjinsa tas da bakinsa, kaɗaici ne. Ko ma ba shi da wayo, mun manta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle?

Masu cewa da kuɗinsa ya saya, ku bar wannan magana. Irin akun nan mai launin toka da jan wutsiya ba ɗan arewa ba ne. Daga kurmin kudu ake kamo shi, irin su dajin Lobeke na kudancin Kamaru, inda suke tashi garke-garke, a cusa su a kwali, da yawa su mutu a hanya. Tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda sun kusa ƙarewa. An raba shi da 'yan uwansa, zai iya shekara 40 ko fiye a hannunka, sannan ka gasa shi a rana saboda caja!

Ku kuma masu ba su piya (avocado), don Allah ku daina, guba ce gare su. Haka shayi da kofi. Kada a kunna maganin sauro ko turaren wuta kusa da keji, hayaƙi ba ya musu da daɗi. Sai samarin da ke taruwa a zaure suna koya musu ashar, ranar da surukai suka zo gaisuwa matar gida ce za ta rasa inda za ta sa kanta.