Wiwi da maganin ƙanjamau, a daina ɓoye wa likita

Wallahi na ji daɗin wannan labarin da kuka kawo kan masu cutar ƙanjamau da ke shan tabar wiwi, don abu ne da ake ta ɓoyewa. Ni a ganina babbar matsalar tana wajen shan magani a kan lokaci, maganin ƙanjamau, wato ARV, kullum ake shansa, to mutum in ya yi mankas ya manta yau ya manta gobe sai ƙwayar cutar ta samu damar hayayyafa, garkuwar jiki ta yi ƙasa, har ta kai maganin ya daina yi masa aiki. Ga hayaƙin yana lalata huhu alhali tarin fuka shi ya fi kashe masu wannan cutar.

Gaskiya ne wasu don su iya cin abinci suke sha, ko a Amurka tun 1992 an amince da maganin dronabinol, sinadarin THC ne (mai sa maye a wiwi) da aka haɗa, don masu rama, amma fa wannan likita ke rubutawa da awo. Don Allah ma'aikatan asibiti ku daina hantarar mara lafiya in ya ce yana sha, kun kunyata shi sau ɗaya ba zai ƙara faɗa muku gaskiya ba, wani ma ya daina zuwa karɓar maganin gaba ɗaya.