Horon malamai na mai riƙe alli ne, Yallaɓai direkta

Tun daren jiya nake danne zuciyata, amma da na wayi gari na ga an sake ɗora hoton nan, mutane suna ta jera "barka" da "Allah ya ƙara ɗaukaka" a ƙarƙashinsa, sai na ji ba zan iya yin shiru ba. Kun san hoton, kun san makarantar, ba sai na kama suna ba. Direkta ne a zauren otel a Yawunde, ya sha babbar riga, katin taro a wuya, yana riƙe da takardar shaidar ya halarci horo kan koya wa yaran ajin farko karatu. Kusa da shi ga ƙanin matarsa, wanda duk aikinsa a makarantar karɓar kuɗi ne da yanka rasit.

Takardar gayyatar da idona na gan ta. Ƙungiyar ƙasar wajen da ta shirya horon malamai biyu ta nema, masu koyarwa a SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare. Haka aka rubuta ɓaro-ɓaro. To Yallaɓai, yaushe rabonka da shiga SIL? Wace shekara ce ta ƙarshe da ka kama hannun yaro ɗan shekara shida ka nuna masa yadda ake riƙe alli? Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Malamar SIL ɗin ita ta koya wa 'yata baƙi, don haka na san abin da nake faɗa. Shekararta 9 a ajin nan. Yara sun haura 70, a gida Fillanci ko Hausa suke yi, ranar farko da suka taka makaranta a tare su da Faransanci, wasu ko "zauna" ba su sani ba a harshen. Na taɓa zuwa ɗaukar 'yata da wuri na tsaya bakin taga. Kwalin sabulu ta yayyanka ta rubuta haruffa da gawayi, ta rarraba wa yara, wanda ke da b ya nemo mai a su tsaya tare a gaban allo, aji ya karanta "ba". Lissafi kuwa da murafan kwalbar lemo take yi, waɗanda take tsinta a shagon maƙwabcinta ta wanke ta zuba a tsohon gwangwanin madara. Babu wanda ya koya mata wannan. Da kanta ta ƙirƙira, cikin zafin Garwa, a ajin da ba fanka.

Ita aka fara gaya wa ta shirya. Ta shirya kuwa. Ta ɗinka atamfa, ta roƙi gyatumarta ta zo ta zauna da yaranta, mijinta ya amince har ya ce shi zai raka ta tasha. Ta sayi sabon littafi ta rubuta tambayoyin da za ta yi a can, na farkonsu yadda za ta yi da yaron da ke iya haddace shafi amma ba ya gane harafi ko ɗaya idan aka raba shi da 'yan uwansa. Ranar Alhamis, saura kwana uku tafiya, a bakin maigadi ta ji cewa an canza suna. Ko kiran ta ofis ba a yi ba. Da ta je gaishe da direkta ta ce, "Yallaɓai, na ji wani labari," abin da ya ce mata kawai shi ne, "Malama, ki yi haƙuri, wani karon." Ta ce, "To, Yallaɓai, Allah ya kai lafiya," ta koma ajinta.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu daina ɓoye-ɓoye, kowa ya san abin da ya kai su: kuɗin zama da ake bayarwa kullum, kwanan otel, da hoton da za a manna a bangon ofis don iyaye su gani ranar biyan kuɗi. Wannan shi ne karo na uku a shekara biyu. Kayan da direkta ya dawo da su daga horon bara, kwali guda na littattafai da katunan haruffa, suna cikin kabad ɗin ofishinsa har yau, ledarsu ma ba a yage ba, makulli yana aljihunsa. Malama tana yanka kwalin sabulu, katunan da aka buga domin ajinta suna shan ƙura taku ashirin daga inda take tsaye.

Horo na mai riƙe alli ne. Zan ta maimaitawa har ya shiga kunnen da ya kamata.

Wasu tun jiya sun biyo ni ta akwatin saƙo, wai ai idan ya dawo zai tara malamai ya mayar musu da abin da ya koya. Shekarata 16 ina koyarwa, na zauna a irin wannan zama ba adadi. Ana tara mu ranar Laraba da rana bayan an tashi, a ba mu labarin yadda jirgin ƙasa ya makara daga Ngaundere, da yadda aka yi ruwa a Yawunde, a karanto mana kanun darussa daga takarda cikin minti ashirin, a zaga da rajista mu sa hannu, a ɗauki hoto a tura wa masu ba da kuɗi. Mutumin da bai taɓa fama da yaro mai juya b ya koma d ba, wace tambaya zai yi wa mai horarwa? Me zai ji ya ce wannan ba zai yiwu a aji mai yara 70 ba, ku nuna mana wata hanya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani kuma ya ce idan aka horar da ita za ta gudu wata makarantar da ta fi biya. To a biya ta mana. Kuma in ba a horar da ita ba ta zauna, wa ya ci riba? Wannan hujjar ko tsayawa a kanta ba zan yi ba. Masu cewa mace ce, tafiyar da nisa, na riga na faɗa muku mijinta ya yarda, ku bar sa wa mutane kalmar da ba su faɗa ba.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai cewa makarantarsa ce, kuɗinsa ne, ya tura wanda ya ga dama. Gini nasa ne, na yarda. Yaran da ke ciki namu ne. Kuma kujerar horon ba shi ya saye ta ba, wasu ne suka biya da sunan yaran SIL da CP. Ka karɓi abu da sunan wani ka sa a aljihunka, ko a kasuwa mun san sunan wannan.

Ku dubi allon da ke ƙofar makarantar. An rubuta mai harshe biyu, an ƙara da cewa ta ƙasa da ƙasa ce, an zana taswirar duniya. Yanzu kowace unguwa, daga Yelwa har Rumde Ajiya, wanda ya samu fili da fenti sai ya liƙa wa makarantarsa wannan laƙabi ya ninka kuɗi. Ku je ku tambayi yadda tsarin ƙasa da ƙasa na gaske yake aiki. Hukumar IB mai tsarin karatu na ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a Janeba a 1968, ba ta ba makaranta izinin amfani da tsarinta sai an bi matakai, kuma cikin sharuɗɗan akwai horar da malaman da za su koyar da darussan, su kansu. A Singafo malami yana da haƙƙin awa 100 na ƙarin horo kowace shekara. A Japan malamai kan zauna su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya bayan aji suna lura da yara, sannan a dawo a tattauna inda yara suka gane da inda suka ɓace. Wannan na ƙarshen ko sefa ɗaya ba ya ci. Abin da yake bukata shugaba ne da zai ware lokaci, ya kuma yarda malaminsa zai iya fin sa sanin wani abu.

Nan ne gizo yake saƙa. Da yawa daga cikin shugabannin makarantunmu tsoron malami mai ilimi suke ji. Suna ganin idan ta je ta dawo da sabon abu, insifekta ya zo ya yaba mata, iyaye suka fara neman ajinta da suna, to girmansu ya ragu. Shi ya sa kowace dama ta shigo sai a tare ta a ofis. Rahoton UNESCO na ƙarshen 2024 kan ilimi a duniya gaba ɗayansa a kan shugabanci ya tsaya, kuma cikin manyan ayyukan da ya lissafa wa shugaban makaranta akwai ɗaga waɗanda ke ƙarƙashinsa. Amma wannan ba sai an zo mana da shi daga Paris, hedkwatar UNESCO, ba. Wane ne a cikinmu bai ga malamin zaure ya zaunar da babban almajirinsa ya biya wa ƙanana ba, yana gefe yana saurare, yana gyara masa? Tela ma yana miƙa wa yaronsa almakashi wata rana. Da haka sana'a take rayuwa.

Na san irin shugaban da nake nufi domin na yi aiki a ƙarƙashinsa. Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka aiko da gurbi ɗaya na horon lissafi a Marwa. Tsohon shugabanmu, Allah ya jiƙansa, ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai za ka je. Ni na kusa ajiye aiki, kai kana da shekara 30 a gabanka." Ya cire kuɗin mota daga aljihunsa domin na ƙungiyar sai an isa ake bayarwa. Kwana biyar da na yi, shi ya riƙe mini ajina, da furfurarsa. Da na dawo bai tambaye ni takardar shaida ba. Ya ce ranar Litinin zai zo ya zauna a bencin baya ya ga abin da na koyo. Ya zo, ya zauna tsakanin yara, har ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Duk yaron da ya ci lissafi a hannuna daga ranar, mutumin nan yana da lada a ciki. Idan na tuna shi sai idona ya cika.

Kuma ba mu da halin yin wasa da malamai. UNESCO ta ce duniya tana bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Bankin Duniya ya kiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 a yankin nan namu ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara 10. A nan arewacin Kamaru mun san ƙauyukan da iyaye ne ke haɗa kuɗi su biya malami, wani ko ƙofar ENIEG, makarantar horon malaman firamare, bai taɓa shiga ba. Ba mu manta 2022 ba, lokacin da malaman gwamnati suka ajiye alli ƙarƙashin OTS, gangaminsu na neman haƙƙi, ba mu manta malamin nan na garin Beka da ya rasu bayan shekara 10 yana jiran haƙƙinsa ba. An kafa jami'ar Marwa da babbar makarantar horon malamai a 2008, an ba Garwa tata jami'ar a 2022, har 'yan uwanmu na Chadi suna tururuwa zuwa karatu Marwa da Ngaundere. Amma yaron da bai iya karatu a CP ba, ta wace ƙofa zai shiga waɗannan jami'o'in? Tushen duka yana hannun mace irin wannan, mai gwangwanin murafai. Ita ce aka hana kwana biyar na ƙarin ilimi don wani ya ɗauki hoto.

Ku ma masu shirya horon kuna da laifi. Kun nemi malamin SIL, aka kawo muku mai karɓar kuɗi, kuka rataya masa kati kuka ba shi takarda. Tambaya ɗaya ta isa: yara nawa ne a ajinka, wane harafi kuke kai wannan makon? Ku zo ku shiga aji bayan wata uku ku ga ko wani abu ya canza. In rajistar sa hannu da hoto kawai kuke bukata don rufe rahotonku, to da ku ake cin haƙƙin yaranmu.

Masu cewa da na same shi a keɓe, na same shi. Bara na je har ofis, na ce, "Yallaɓai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, a fito da katunan nan a ba malamai." Ya ce in sha Allahu. Shekara ta zagayo.

Iyaye, ranar taronku mai zuwa ku yi tambaya uku: horo nawa aka gayyaci makarantar nan bana, wa ya je, ina kayan da aka dawo da su. A buɗe kabad ɗin a gabanku. Ni kuma duk malamin ƙananan aji da ke so, mu haɗu Asabar da safe, mu fara irin na Japan ɗin nan da abin da muke da shi. Na riga na roƙi Malama ta zo da kwalayenta ta nuna mana, ta ce sai ta yi shawara da maigidanta.

Wani abu kuma da na gani ranar da na je makarantar, tunda maganar ta kawo mu. Randar da ke bakin ajin SIL ta tsage tun kafin hutu, an ɗaure ta da roba, kafin ƙarfe goma ruwan ya tsiyaye. Ga watan Maris ya kama, zafin Garwa yana haura 40, yara suna fita rana tsaka suna layi a famfo ɗaya tare da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da ke ture su. Na tambayi mai tukwane a kasuwa, babbar randa ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a otel ɗin can ba. In akwai mai mashin da zai taimaka da ɗauka ranar Litinin da sassafe, ya yi mini magana, ni zan biya kuɗin randar.